Yadda Ake Zaɓen Sandar Fatsa Mai Araha Don Kamun Kifin Salmon

Salmon kifin ƙasashen sanyi ne. A kogi ake ƙyanƙyashe shi, ya gangara teku ya yi shekaru yana kiwo, sannan ya juyo ya hau kogin da ya fito domin ya zuba ƙwai. A wannan dawowar ce masu fatsa suke tare shi. Duk wanda karatu ko aiki ya kai shi Aberdeen, ko Toronto, ko Seattle, ko Trondheim, zai riƙa ganin mutane tsaye cikin ruwa har ƙugu da dogayen sanduna, in kuma sha'awa ta ja shi ya leƙa shagon kayan kamun kifi, farashin ne zai fara korar sa. Akwai sandar da ba ta kai dala 100 ba, akwai wadda ta haura dala 1,000, kuma a idon sabon shiga duk baƙaƙen sanduna ne masu zobba.

Gaskiyar magana ita ce sandar da ba ta kai dala 100 ba za ta fitar da salmon daga ruwa lafiya lau, muddin ta dace da kifin da kuma kogin. Mai tsadar da ba ta dace ba kuwa ado ce kawai a bayan mota. Saboda haka aikin ba daga shago yake farawa ba.

Mataki na farko: san kifin da za ka nema da ruwan da yake ciki

Sunan salmon ɗaya ne, amma kifayen sun bambanta ƙwarai. A Tekun Atlantika iri ɗaya ne, shi ne wanda yake hawa kogunan Sikotland irin su Tay da Spey da Dee da Tweed, da kogunan Norwe da Ailan da gabashin Kanada. A gefen Tekun Fasifik na Amurka da Kanada kuwa iri biyar ne. Babbansu shi ne Chinook, wanda suke kira sarki. Mafi girma da aka taɓa kamawa da sanda an kama shi ne a Kogin Kenai na Alaska a 1985, nauyinsa kusan kilo 44, wato ya kama ƙafar babban giwan ruwa. Sai Coho mai kilo 3 zuwa 5 galibi, mai yawan tsalle da juyi. Sai Sockeye da Chum. Ƙaraminsu shi ne Pink, da kyar yake wuce kilo 2 da rabi, kuma a yankin Seattle da Vancouver a shekaru masu lambar mara yake zuwa da yawa, kamar 2023 da 2025.

Wanda yake tsakiyar Amurka ko Ontario ma bai rasa ba. Tun 1966 aka fara zuba Coho a Tafkin Michigan, Chinook ya biyo baya a 1967, don su rage wani ƙaramin kifi da ya cika manyan tafkunan yankin. Yau duk watan Satumba da Oktoba garin Pulaski na jihar New York yana cika da masu fatsa.

Abin da ya sa wannan ya zama matakin farko: sandar da za ta yi maka daɗi da Pink za ta iya karyewa a hannunka in Chinook mai kilo 12 ya kama ya bi ƙarfin ruwa. Sandar Chinook kuma ta yi wa Pink nauyi, ba za ka ma ji daɗin jansa ba. Ka tsayar da kifi ɗaya da kogi ɗaya, wanda za ka fi zuwa, ka saya masa sanda.

Mataki na biyu: duba doka kafin ka taɓa aljihu

Mutane da yawa suna tsallake wannan, su sayi sanda, su je bakin kogi a ce musu irin wannan fatsar ba a yin ta a nan. A Sikotland ba gwamnati ce take sayar da lasisin kama salmon ba. Kowane yanki na kogi yana da mai shi, kuma dole ka riƙe rubutaccen izini daga gare shi. Wasu wuraren, musamman a Dee da Spey, fatsar ƙudan gashi, wato ƙugiyar da aka ɗaura wa gashin tsuntsu, kaɗai suka fi yarda da ita, wasu kuma sai ruwa ya cika suke bari a jefa cokali, wato ɗan ƙarfe mai ƙugiya da ake yaudarar kifi da shi. Haramun ne a kama salmon ranar Lahadi a ƙasar, haramun ne a sayar da wanda aka kama da sanda, kuma tun 2016 ake rarraba koguna mataki-mataki, inda a mafi raunin cikinsu dole a mayar da duk kifin da aka kama. A Ingila da Wels sai da lasisin hukumar kula da muhalli. A Norwe akwai kuɗin gwamnati, akwai na mai kogi, ga kuma tilascin wanke kaya da magani saboda wata ƙwayar cuta da ta taɓa halaka kifin koguna da dama. A watan Yuni na 2024 ma hukumomin ƙasar sun rufe koguna 33 ana tsakiyar kaka, har da Gaula da Orkla, saboda ƙarancin kifi. A British Columbia kuwa ƙugiya marar haƙorin baya ake amfani da ita, a Alaska kuma Chinook yana da nasa hatimin da ake saya daban da lasisi.

A Sikotland sau da yawa izinin yini ɗaya a wuri mai suna ya fi kuɗin sandar gaba ɗaya. Mafita ita ce ƙungiyoyin masu fatsa na gari, irin ta Aberdeen mai ruwa a Dee da Don, ko ta Inverness mai ruwa a Kogin Ness. Ka tambaye su irin fatsar da suka yarda da ita, daga nan ka san sandar da za ka nema.

Mataki na uku: zaɓi salon fatsa

Salo uku ne manya. Akwai jifa da ja: ka jefa cokalin ƙarfe ko kifin roba can ƙetare, ka riƙa naɗo zare a hankali. Akwai fatsar ƙudan gashi, inda ake ɗaure gashin tsuntsu da zare a ƙugiya, nauyin igiyar ce take kai shi nesa. Sai jan fatsa a bayan jirgin ruwa, wanda aka fi yi a teku da manyan tafkuna.

Ga mai neman araha kuma sabon hannu, jifa da ja ne zaɓi. A yini ɗaya za ka iya jifar, keken da ake naɗe zarensa yana da sauƙi, kuma sandar za ta yi maka aiki a kan wasu kifayen in kakar salmon ta wuce. Fatsar ƙuda a manyan kogunan Sikotland da Norwe tana buƙatar sandar hannu biyu mai ƙafa 13 zuwa 15, ga igiya ta musamman mai tsada, ga kuɗin malamin da zai koya maka jifar da ake kira Spey. Akwai masu araha a cikinsu, irin Shakespeare Oracle, amma in ka haɗa komai ba za a kira abin araha ba. In kogin naka ƙuda kaɗai ya yarda da shi, to ba makawa: nemi mai ƙafa 13 ko 14, mai lambar nauyin igiya 8 ko 9, wadda aka sayar haɗe da igiyarta. Shi kuma mai bin jirgin haya kada ya sayi komai, masu jirgin suna ba da sanda.

Mataki na huɗu: koyi karanta rubutun jikin sanda

Nan ne ya kamata ka daɗe. Sama da mariƙi kaɗan, kowace sanda tana da ƙananan rubutu, kuma duk abin da kake buƙatar sani yana wurin. Za ka ga abu kamar 9'0", MH, Fast, 10-20 lb, 15-50 g.

Lambar farko tsawo ce, da ƙafa da inci. Ƙafa 9 mita 2.74 ke nan, ƙafa 10 kuwa ta ɗan haura mita 3. Sandar salmon tana da tsawo saboda dalili biyu: jifa mai nisa, da ɗaga zare sama da ruwa don kada igiyar ruwa ta ja cokalinka ta fitar da shi daga inda kifi yake kwance. Doguwar sanda kuma tana shanye fizgar kifi in ya girgiza kai. Ga matsakaicin kogi, ƙafa 8 da rabi zuwa 9 da rabi ta isa. Ga faffaɗan ruwa irin Tay, ƙafa 10 zuwa 11 ta fi. In bakin kogin naka itatuwa ne sun yi rumfa, rage tsawo, domin rassa za ka yi ta kamawa. Wanda zai sayi sanda ɗaya tak, ya tsaya a ƙafa 9 ko 10.

Haruffan da suke biye ƙarfin sandar suke nunawa, wato yawan nauyin da ake buƙata kafin ta lanƙwasa. M matsakaiciya ce, MH ta ɗara matsakaiciya, H mai ƙarfi ce. M ta dace da Pink da Sockeye da ƙananan Coho. MH ita ce ta kowa da kowa, za ta yi Coho da salmon na Atlantika da Chinook da bai yi girma sosai ba. H sai wanda ya san manyan Chinook yake bi a ruwa mai gudu. Ka lura cewa MH na wannan kamfani ba lallai ya yi daidai da na wancan ba, don haka lambobin da suke gaba sun fi haruffan gaskiya.

Kalmar Fast ko Moderate kuma tana faɗin inda sandar take lanƙwasawa. Ta farko kanta kawai yake sunkuyawa, sauran jikin a miƙe. Ta biyu tana lanƙwasawa har tsakiya. Mai sunkuyar da kai tana sa ka ji ɗan taɓin kifi da bugun dalma a kan duwatsu, tana kuma kafa ƙugiya da sauri. Mai lanƙwasawa har tsakiya ba ta kai ta jin motsi ba, amma tana yafe kuskure: in kifi ya yi tsalle ko ya zabura kusa da ƙafarka, ita za ta karɓi fizgar, ƙugiya ba za ta yage daga bakinsa ba. Masu sayarwa suna son tura wa mutane ta farkon saboda tana da daɗin girgizawa a shago. A ganina sabon hannu ya nemi tsaka-tsaki, wadda aka rubuta Moderate-Fast, musamman in ƙugiyarsa ba ta da haƙorin baya, inda sakin zare na daƙiƙa ɗaya ya isa kifi ya kuɓuce.

Lambobin da suke ƙarewa da lb ƙarfin zaren da sandar za ta ɗauka ne, da awon laba. Laba 10 zuwa 20 kusan kilo 4 da rabi zuwa 9 ke nan. Kada ka ce ai kifin zai fi kilo 9, saboda haka zaren zai tsinke. Kifi a cikin ruwa ba ɗaga shi ake yi ba, gajiyar da shi ake yi. A 1922 wata mata, Georgina Ballantine, ta fitar da salmon mai laba 64 daga Kogin Tay, kusan kilo 29, da kayan wancan zamanin, kuma har yau ba a kama wanda ya fi shi da sanda ba a Birtaniya. Sirrin yana ga haƙuri da birkin keke. Laba 8 zuwa 17 ta yi wa ƙananan salmon, 10 zuwa 20 ko 12 zuwa 25 ta yi wa yawanci, 15 zuwa 30 ta manyan Chinook ce.

Na ƙarshe nauyin abin da za ka jefa ne, da giram a Turai, da oza a Amurka. Oza ɗaya giram 28 ce. Cokalin Toby na kamfanin Abu Garcia, wanda ya shahara a kogunan Sikotland, ana yawan jefa mai giram 18 zuwa 30. Ka ɗauko abin da masu fatsar kogin suke jefawa, ka tabbata nauyinsa ya faɗa tsakiyar lambobin sandar. In ya yi ƙasa, jifa ba za ta yi nisa ba. In ya haura sosai, wata rana kan sandar zai ɓalle ya bi cokalin.

Mataki na biyar: da me aka yi ta

Ko dai kabon, ko faibagilas, ko gaurayen biyun. Kabon ba shi da nauyi kuma yana isar da motsi zuwa hannu, amma yana da gautsi. Faibagilas yana da nauyi, yana jure duka. Gaurayen shi ne gidan araha, kuma shahararriyarsa ita ce Ugly Stik ta kamfanin Shakespeare, wadda ta fito tun 1976, an san ta da ƙin karyewa.

Sai dai nauyi ba ƙaramin abu ba ne a nan. Salmon da ya shigo kogi ya daina cin abinci, haushi ko tsohuwar ɗabi'a ce take sa ya cafki cokali, shi ya sa mutum yakan wuni yana jifa kafin a taɓa shi sau ɗaya. Sandar da ka ji ba komai a shago, bayan awa shida kafaɗarka za ta ba ka labari. Mai jifa daga bakin ruwa ya fi dacewa da kabon mai araha, irin Okuma Celilo da aka yi musamman don salmon, ko takwarorinta na Shimano da Daiwa da Abu Garcia. Mai saka sanda a maƙalin jirgi, ko mai yara da za su riƙa taka ta, ya ɗauki gauraye. Rubutun IM6 da IM8 ko 24T da 30T kuwa kada ya ruɗe ka. In lambar ta hau, sandar ta ƙara rashin nauyi da tauri, ta kuma ƙara gautsi da tsada. Ƙaramar lamba ta wadatar.

Mataki na shida: gwada ta da hannunka

An ce araha ba ta ado, kuma inda kamfanoni suke rage kuɗi a sanda mai araha shi ne zobba da mazaunin keke. Su za ka bincika.

Haɗa sassan sandar, ka ɗaga gindinta zuwa idonka ka hango ta cikin zobban. Su jeru a layi ɗaya. Girgiza ta a hankali, in ka ji ƙas-ƙas a mahaɗa, ajiye ta ka ɗauki wata. Sannan ka zo da ɗan tsinken auduga na goge kunne, ka zagaya da shi cikin kowane zobe, musamman na can ƙarshe. In zoben ya tsage ko yana da kaushi, zai riƙe zaren auduga ko da ido bai ga tsagar ba, kuma wannan tsagar ce za ta yanke maka zare ranar da babban kifi ya kama. Zobba masu ɗan farantin tangaran a ciki sun fi na ƙarfe zalla, in kuma ka ga sunan Fuji a jiki, alama ce mai kyau a wannan farashi.

Ɗaura keken da za ka yi aiki da shi, ka ɗaure sosai, ka murɗa shi hagu da dama. Bai kamata ya motsa ba. Ɗora sandar a yatsa ɗaya, gaban keken kaɗan. In kan ya rinjaya ƙasa da ƙarfi, wuyan hannunka ne zai biya. Ka sa abokin tafiyarka ya riƙe kan sandar ka ɗaga a hankali, ka ga lanƙwasar ta tafi sumul ba tare da wani wuri ya karye kwana ba. Mariƙin baya ya kai tsawon da za ka tokare shi a cikinka ko ƙarƙashin damtse, domin da hannu biyu ake jifa kuma da jiki ake faɗa da salmon. Ko na toshiyar kwalba ne ko na baƙin soso mai tauri, duk ɗaya, sai dai toshiya mai araha takan fara zubewa bayan kaka ɗaya ko biyu.

Sanda mai gida biyu, wato wadda ake rabawa sassa biyu, ta fi sauƙin samu da araha. Mai shiga bas ko jirgin ƙasa ya nemi mai gida huɗu. Wadda ake zugewa kamar eriyar rediyo kuwa a bar ta, ba ta salmon ba ce.

Mataki na bakwai: raba kuɗin

Kada sanda ta cinye kasafin. In dala 150 gare ka, gara sandar dala 60 da keken dala 70 da zare mai kyau, da a ce sandar dala 130 da keken da birkinsa yake cijewa. Nemi keke mai lamba 4000 ko 5000, wanda zai ɗauki zare mita 150 ko fiye. Ja zaren da hannu ka ji yadda birkin yake sakinsa: ya fita sumul, ba fizga-fizga ba. A saita shi a kusan kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na ƙarfin zaren. Zaren roba yana miƙewa, yana rufa wa sabon hannu asiri. Saƙaƙƙen zare siriri ne, yana nisa, amma ba ya miƙewa ko kaɗan, don haka ya fi son sanda mai laushi da zobba masu kyau. Haɗin sanda da keke da ake sayarwa tare a manyan shaguna yakan yi araha, amma zaren da yake zuwa a kai cire shi za ka yi.

Lokacin saye ma yana rage kuɗi. Ƙarshen kaka shaguna irin Cabela's da Bass Pro Shops da Canadian Tire da Glasgow Angling Centre sukan karya farashi. Ta hannu kuma tana cike a eBay da Facebook Marketplace da Gumtree, domin mutane da yawa suna saye da zumuɗi su ajiye a gareji. In za ka sayi ta hannu, ka je ka gan ta, ka yi gwajin audugar, ka bi jikinta da farce ka ji ko akwai zurfin ƙarzuwa, ka duba bakin mahaɗa ko ya tsage, ka kuma auna tsawonta da abin da aka rubuta, saboda wasu kan ya taɓa karyewa aka manna sabon zobe. Sabuwa kuma ka tambayi garantinta, da ko ana sayar da gidan sama shi kaɗai, tunda shi ne yake karyewa.

Yawancin sandunan da suke karyewa ba kifi ne yake karya su ba. Ƙofar mota ce, da takawa, da bugun dalma a jikin kabon wanda yake barin rauni a ɓoye, da ɗaga sanda tsaye cak lokacin da kifi ya iso ƙafa, inda duk nauyin yake komawa siririn kan. Riƙe ta a karkace, ka ja da baya kaɗan-kaɗan, wani ya sa koma ya ɗauko kifin. In ƙugiya ta maƙale a dutse, miƙe sandar ta kalli wurin ka ja zaren kai tsaye, kada ka yi ta fizga da ita. Goga ɗan kakin kyandir a mahaɗa don kada ta cije ko ta zame. In ka shiga ruwan gishiri, ɗauraye sanda da keke da ruwan famfo a ranar. Kabon kuma yana ɗaukar lantarki, saboda haka ka ɗaga kai ka duba wayoyin wuta kafin ka yi jifa da sanda mai mita 3, in kuma hadari ya taso da tsawa, kwantar da ita ƙasa ka fita daga ruwan.